Maganin Ciwon Jiki Yana Ɗauke Mini Numfashi, Maigida Ya Ce Jabu Ne

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni malamar firamare ce a Tudun Wadan Zariya, shekaruna 34, 'ya'yana huɗu. Ban taso da asma ba. Bayan haihuwata ta biyu ne mura ta kama ni ta ƙi tafiya, hancina ya toshe rani da damina, daga baya aka ce ina da asma. Yanzu ko miya ta kama a tukunya ba na jin ƙauri sai yara sun faɗa mini. Bara na sha ibuprofen saboda ciwon mara, maganin da na saba sha tun ina budurwa, amma cikin awa guda idanuna suka yi ja, hanci ya yi ta zuba, ƙirjina ya riƙe. Bayan wasu watanni na aika yaro kemis a haɗo mini maganin ciwon jiki, abin ya sake dawowa, har leɓena ya kumbura. Watan jiya ciwon haƙori ya hana ni barci, aka yi mini allurar diclofenac a wani kemis, ban kai gida ba numfashina ya ɗauke, sai farkawa na yi a asibiti. Maigida ya ce duk jabu ake ba ni, ya sayo ibuprofen na ƙasar waje mai tsada, yana so in gwada. Mahaifiyarsa kuwa ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa mini, kuma zarginta ya karkata ga abokiyar zamana, wadda ban taɓa ganin wani abin ƙi daga gare ta ba. Panadol bai taɓa tayar mini da wannan abu ba, sai dai ba ya kashe ciwo sosai. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, kuma mun gode Masa da Ya sa aka kai ki asibiti a kan lokaci a wancan dare. Kafin komai, ga abin da nake so ki riƙe ko da ba ki karanta sauran amsar ba: kada ki sha wannan maganin da maigida ya sayo. Kada ki sha ƙwaya ɗaya, kada ki sha rabi, kada ki sha "don a gwada a gani", ko da yana tsaye a kanki da mota a ƙofar gida. Wadda numfashinta ya taɓa ɗaukewa bayan allurar diclofenac ba ta da wani gwaji da za ta yi a ɗakinta.

Na fahimci maigidanki, kuma ban ga laifinsa ba. Jabun magani matsala ce ta gaske a ƙasar nan, hukumar NAFDAC ta shafe shekaru tana fama da ita, kuma mutumin da ya cire kuɗi ya je babban kantin magani don matarsa ta samu mai kyau, kulawa ce ta kai shi. Sai dai labarin da kika bayar da bakinki ya ƙaryata wannan zato. Jabun magani galibi ko dai babu sinadarin a cikinsa ko kuma bai cika ba, illarsa ita ce a sha ciwo ya ƙi tafiya. Ke kuwa sau uku abin ya same ki, da magani iri uku, daga hannu daban-daban, kuma kowane karo alamomin iri ɗaya ne: ido, hanci, ƙirji, cikin ɗan lokaci bayan maganin ya shiga jiki. Wannan shaida ce cewa sinadarin yana ciki, yana kuma aikinsa. Jikinki ne ba ya karɓarsa. Saboda haka mai tsadar nan da aka tabbatar da ingancinsa ya fi kowanne hatsari a gare ki, domin shi ne babu shakka sinadarinsa ya cika.

Ibuprofen da diclofenac sunayensu daban, amma dangi ɗaya ne da aspirin, kuma hanyar aikinsu ɗaya ce. A takardar da ke cikin kwali za ki ga an kira su NSAID, wato magungunan kashe ciwo da rage kumburi waɗanda ba na sitiroyid ba. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira COX, wanda ke sarrafa wani nau'in kitse da ke jikin ƙwayoyin halitta ya mayar da shi furostagilandin. Wasu daga cikin furostagilandin ɗin nan su ne ke kawo zafi da kumburi da murɗawar mara lokacin al'ada, shi ya sa idan magani ya tsayar da COX sai ciwo ya lafa. Masanin Ingila John Vane ne ya bayyana wannan a 1971, kuma aikin yana cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1982. To amma wannan kitse yana da wata hanya ta biyu da yake bi, wadda ke samar da sinadaran da ake kira lukotirin, su kuma aikinsu matse hanyoyin iska na huhu, da kumbura cikin hanci, da tsatso majina. Ki dubi mai noman rani a bakin kogin Galma: idan ya toshe hanyar ruwa ɗaya, ruwan ba ya ɓacewa, karkata yake yi ya cika ɗayar. A jikin yawancin mutane wannan karkatar ba ta kai ta yi illa ba. A jikin wasu kuwa, waɗanda da ma suna samar da lukotirin fiye da kima, kuma akwai wani furostagilandin da ke riƙe da linzaminsa, da zarar magani ya cire wannan linzami sai ƙirji ya rufe cikin minti talatin zuwa awa uku.

Wannan shi ne dalilin da ya sa canza kamfani, ko canza suna, ko komawa daga ƙwaya zuwa allura ba zai fisshe ki ba. Ba siffar maganin guda ɗaya jikinki yake ƙi ba, aikin da dukkansu suke yi ne yake tayar miki da cuta.

Abubuwa ukun da kika lissafa, ba tare da kin san suna da alaƙa ba, su ne suka fi jan hankalina a wasiƙarki: asmar da ta zo bayan kin girma, hancin da ya toshe har kika daina jin ƙamshi da wari, da kuma rashin jituwa da waɗannan magunguna. Likitoci sun daɗe da sanin wannan haɗuwa. Wani likitan Faransa mai suna Fernand Widal da abokan aikinsa sun rubuta labarinta a 1922, sannan Max Samter da Ray Beers suka yi cikakken bayaninta a Amurka a 1968, har ake kiran ciwon da sunan Samter. Ba a haihuwar mutum da shi. Yakan fara ne bayan mutum ya girma, galibi tsakanin shekara ashirin da wani abu zuwa arba'in, ya fi kama mata, kuma yakan soma da mura mai naci kamar yadda taki ta soma, asma ta biyo baya, sannan wata rana maganin da mutum ya sha shekara da shekaru lafiya ya juya masa baya. Don haka kada shan da kika yi masa tun kina budurwa ya ruɗe ki, ko ya ruɗi maigida; haka ciwon yake zuwa. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Idan aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, kusan 7 cikin 100 na manya masu asma suna da wannan matsala, a cikin masu asma mai tsanani kuwa adadin yana kusan 15 cikin 100. Likitan da ya duba ki ya leƙa hancinki shi zai tabbatar da sunan ciwon, amma ko kafin ki gan shi, abin da ya faru sau uku ya isa hujjar ki ƙaurace wa dangin gaba ɗaya.

Ƙaurace musu kuwa sai da sanin sunayensu, kuma zan rubuta su yadda suke a jikin kwali domin idonki ya saba da su. Akwai aspirin, wanda wani lokaci ake rubuta shi da dogon sunansa acetylsalicylic acid; akwai ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen, indomethacin, mefenamic acid, ketoprofen, ketorolac da aceclofenac. A kasuwa kuma kowanne yana da sunayen da kamfanoni suka raɗa masa. Brufen ibuprofen ne. Cataflam da Voltaren diclofenac ne. Feldene da Felvin piroxicam ne, Indocid indomethacin ne, Ponstan da mata ke sha don ciwon mara mefenamic acid ne. Garin Alabukun da ake kaɗawa a ruwa aspirin ne da caffeine, sinadarin da ke cikin goro da kofi. Vasoprin, 'yar ƙaramar ƙwayar da ake ba masu ciwon zuciya, ita ma aspirin ce. Ibucap yana da farasitamol a ciki, amma yana tare da ibuprofen, kuma irinsa suna da yawa: ƙwaya ɗaya, sinadari biyu ko uku. Ki haɗa da Novalgin da Analgin, waɗanda NAFDAC ta hana tun shekarun baya. Ban da waɗannan biyun da aka hana, sauran duka magunguna ne masu amfani ga wanda jikinsa ya karɓe su, ba aibata su nake yi ba. Ke ce ba naki ba ne. Babban suna mai launi a gaban kwali ba shi ne abin dubawa ba, ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa ko a gefe, inda aka jera abin da ke ciki, shi za ki karanta. Kuma ki tuna ba ta baki kaɗai suke shiga ba. Akwai allura, akwai na cusawa ta dubura, akwai man shafawa na ciwon gwiwa da baya mai ɗauke da diclofenac ko methyl salicylate, akwai ma na ɗigawa a ido bayan aikin ido. Wasu magungunan mura da ciwon kai su ma suna ɗauke da su.

Yanzu bari in tsaya a kan haɗi, domin a ganina nan ne hatsarinki ya fi yawa, ya fi ma na kwalin da ke kan madubinki, wanda aƙalla akwai suna a jikinsa. Kowa a Zariya ya san yadda ake yi. A aiki yaro da kuɗi, a ce ya je a haɗo na ciwon jiki ko na gajiya. Mai kemis ya ɓalle ƙwayoyi daga katin nan da katin can, fara ɗaya, rawaya ɗaya, kafso mai launi biyu, wata 'yar mitsitsiya, ya ƙulle a leda ko ya naɗe a takarda, ya ce a sha biyu yanzu, sauran da dare. Yaron bai san sunansu ba, wadda za ta sha ba ta sani ba, shi kuma mai kemis bai ga fuskar mai ciwon ba balle ya tambaye ta ko tana da asma. Sau da yawa a cikin ƙullin nan akwai biyu daga dangin da na lissafa a lokaci guda, wani lokaci har da sitiroyid irin su prednisolone, wanda ke sa mutum ya ji garau a ranar, ya bar masa matsala a gaba. Ba zan ce masu kemis mugaye ba ne. A unguwanni da yawa su ne suke buɗe da tsakar dare, su ne suke ba da bashi. Amma tsarin da ake raba ƙwaya da sunanta tsari ne da zai iya kashe mai irin jikinki, kuma idan aka kai ki asibiti a sume babu wanda zai iya gaya wa likita abin da kika sha. Daga yau kada ƙwayar da ba ta cikin katinta mai suna ta shiga bakinki, ko daga kemis ta fito, ko daga jakar abokiyar aiki a ofishin malamai, ko daga hannun 'yar'uwa a gidan biki. Batun allura kuwa, lasisin masu ƙananan shagunan magani bai ba su izinin yin ta ba, kuma dalilin a fili yake: wurin da ake yin allura dole ya zama yana da abin ceto idan jiki ya ƙi ta.

To me za ki sha? Farasitamol, wanda Panadol ɗaya ne daga sunayensa, ba ya cikin wannan dangi sosai, domin taɓawar da yake yi wa COX kaɗan ce, kuma kin riga kin ga jikinki yana karɓarsa. Sai dai akwai iyaka. An gano cewa idan aka kai miligiram 1,000 a sha ɗaya, wato ƙwaya biyu masu 500, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin ciwonki sukan ji ƙirji ya ɗan riƙe ko hanci ya zuba, ko da yake yawanci abin ba ya tsanani. Don haka ki tsaya a ƙwaya ɗaya a sha guda har sai kin tattauna da likita, kuma ko ga mai lafiya ƙalau ba a wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24, saboda hanta. Ki tabbata farasitamol ne zalla. Na san kin ce ba ya kashe ciwon sosai, kuma gaskiya kika faɗa, amma ciwo biyun da kika ambata kowanne yana da hanyarsa da ta fi ƙwaya. Haƙorin da ya hana ki barci ba zai warke da maganin kashe ciwo ba ko wane iri ne. Rami ne ko ruɓa, likitan haƙori ne zai cike shi ko ya cire, kuma ki gaya masa matsalarki tun kafin ki hau kujera, domin abin da aka fi rubutawa bayan cire haƙori shi ne ibuprofen ko diclofenac. Ciwon mara kuma, ɗumama marar da gorar ruwan zafi da aka naɗe a tsumma yana rage shi fiye da yadda mutane suke zato, akwai hyoscine mai sassauta murɗawa wanda ba ya cikin dangin, akwai kuma magungunan daidaita al'ada da likitan mata zai iya zaɓa miki. Bayan waɗannan akwai celecoxib da etoricoxib, waɗanda aka ƙera su don su tsayar da nau'i ɗaya na COX, wato COX-2 mai kawo kumburi, su ƙyale ɗayan, wato COX-1, kuma mafi yawan masu ciwonki suna shan su lafiya. Amma da yake naki ya kai ga suma, shan farko a asibiti za a yi shi, a gaban likita, a lokacin da asmarki take kwance, a zaunar da ke na wasu awanni ana dubawa. Idan wani ya ce ki koma tramadol tunda ba ya cikin dangin, ki ƙi. Mun ga abin da ya yi wa gidaje a Arewa, kuma ba maganin da mutum zai rubuta wa kansa ba ne.

Ƙaurace wa magungunan zai kare ki daga shaƙewar gaggawa, amma ba zai warkar da hanci da asmar ba, domin su suna tafiya da kansu ko an sha magani ko ba a sha ba. Ina ba ki shawara ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki ga likitocin ƙirji, ki kuma ga na sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke wannan aiki. Rashin jin ƙaurin nan da kika ambata kamar abin wasa, sau da yawa alama ce ta tsiro mai laushi da ke fitowa a can cikin hanci ya toshe inda ƙamshi ke isa. Ba ciwon daji ba ne, ana rage shi da wanke hanci da ruwan gishiri da feshin hanci na sitiroyid, wani lokaci a cire shi da tiyata, ko da yake yakan sake fitowa. Ga asma kuma, abin shaƙa mai launin shuɗi da ake ɗauka idan ƙirji ya riƙe bai isa shi kaɗai ba, ana buƙatar na rigakafi da ake shaƙa kullum, kuma akwai montelukast wanda aikinsa tare lukotirin ɗin da na yi bayani. Ki yi ƙoƙari a daidaita wannan kafin hunturu ya shigo da ƙurarsa, ga kuma ƙurar alli da kike shaƙa a aji.

Akwai wani wuri da nake jin tsoro a kanki fiye da kemis, shi ne ɗakin haihuwa. Shekarunki 34, mai yiwuwa akwai sauran rabo. A wurin awon ciki akan rubuta wa matan da ake fargabar hawan jinin ciki zai kama su aspirin ƙarami, kuma bayan haihuwa, musamman idan an yi ɗinki ko tiyata, diclofenac na allura ko na cusawa yana cikin abin da aka fi bayarwa, a lokacin da mace ba ta cikin halin tambayar me ake ba ta. Ki sa a rubuta matsalarki da babban rubutu a bangon katin awonki tun ranar farko, kuma wadda za ta zauna da ke a asibiti ta san sunayen nan. Idan wata rana aspirin ya zama dole, misali saboda ciwon zuciya, akwai hanyar da ƙwararru ke bi su saba wa jiki da shi, a fara da ɗan mitsitsi a riƙa ƙarawa a asibiti, daga nan mutum ya ci gaba da sha kullum ba fashi, domin idan ya yi kwana biyu zuwa uku bai sha ba sabon yana warwarewa. Aiki ne na asibiti mai kayan ceto, ba abin da za a kwaikwaya a gida ba.

Duk da taka-tsantsan, kuskure yana iya faruwa, don haka mutanen gidanki su san abin yi. Idan bayan shan wani magani ƙirji ya riƙe, ko murya ta dushe, ko harshe da maƙogwaro suka kumbura, ko borin jini ya bazu a jiki tare da jiri da neman faɗuwa, ba lokacin jira a gani ba ne. Ba a ba da manja, ba a ba da madara, ba a sa yatsa a maƙogwaro don a yi amai. Ba sa tsayar da komai, kuma ɗura wa wanda ke fama da numfashi abu a baki yana iya sa ya sarƙe. Idan jiri ne ya fi yawa, a kwantar da ke a ɗaga ƙafafu. Idan numfashi ne, a bar ki a zaune a jingine, ki yi ta shaƙar abin shaƙarki mai shuɗi. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a tsayar da ke a ce ki taka da ƙafarki. A nufi asibiti mafi kusa, kada a ce sai Shika, domin daga Tudun Wada sai an ratsa Kwangila an wuce Samaru, kuma mintocin nan su ne komai. Maganin da ke ceton rai a wannan hali, wanda likitoci ke kira anafilaksis, shi ne allurar adirenalin a tsokar cinya ta waje, rabin miligiram ga babba, a maimaita bayan minti 5 idan ba a ga sauƙi ba. Piriton da hydrocortisone suna da amfaninsu, amma a baya suke zuwa, ba sa maye gurbinta. Kuma ko an ga sauƙi kada a yi gaggawar komawa gida, domin abin yakan lafa ya sake tasowa bayan wasu awanni.

Sai maganar da na san ita ta fi ci miki rai, ta mahaifiyar maigida da abokiyar zamanki. Ba zan ce ki yi musu da mahaifiyar mijinki ba, kuma ba zan ce ki bar addu'a da azkar ba. Ki ƙara ma. Tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, ta ga surukarta a sume ba ta san dalili ba, ta kama dalilin da ta sani. Amma yanzu akwai dalili, sananne, wanda aka rubuta shi shekara ɗari da suka wuce, wanda ke kama mata a ƙasashen da ba a ma san kishiya ba. Abin bai taɓa zuwar miki bayan kin ci girkin abokiyar zamanki ba, sau ukun nan duk bayan magani ya zo, kuma karo na uku a hanya ya same ki, ba ki ma iso gidan ba. Barin zargi ya zauna a kan baiwar Allah wadda ke da kanki kika shaide ta da alheri zalunci ne, kuma Alƙur'ani ya gargaɗe mu cewa sashen zato zunubi ne. Akwai kuma illa ta biyu: muddin gida ya yarda sammu ne, babu wanda zai kula da ƙwayar da ake miƙo miki, ga shi kuma za a fara kawo jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce ki fara da maigida, a keɓe, cikin girmamawa, ki gode masa a kan maganin da ya sayo, ki roƙe shi ya raka ki wurin likita da kwalin a hannunsa ya yi tambayar da kansa. Idan ya ji daga bakin likita, shi ne zai kai wa mahaifiyarsa, kuma daga bakinsa za ta fi karɓa. Abokiyar zaman taki ma ki koya mata abin yi a lokacin gaggawa, domin da rana, maigida yana wurin nema, ita ce mafi kusa da ke.

Ga sauran masu karatu, ba kowane rashin jituwa da waɗannan magunguna ne irin na Malama ba. Akwai wanda nasa a fata yake tsayawa, borin jini da kumburin fatar ido ko leɓe, kuma masu borin jini mai naci sukan ga ya ƙaru idan sun sha su. Akwai wanda magani ɗaya tak jikinsa ya ƙi, yana shan sauran lafiya, amma likita ne zai tantance haka, ba shi ba. Akwai baƙin tabo mai zagaye da ke fitowa a wuri guda, a leɓe ko a hannu ko a al'aura, duk lokacin da aka sha maganin, ya yi ƙaiƙayi ya lafa ya bar baƙi. Mafi muni shi ne wanda ke zuwa bayan kwanaki ko makonni da fara shan magani, da zazzaɓi, da jan ido, da gyambo a baki, fata ta fara saɓulewa kamar ƙuna. Piroxicam yana cikin masu jawo shi, haka ma Septrin da Fansidar, kuma wannan na kwanciya asibiti ne a ranar. Zafin ciki da ƙwannafi kuwa, ko baƙin bayan gida, ba rashin jituwa ba ne, illar maganin ce ga tumbi wadda za ta iya samun kowa, kamar yadda yawan shansu ke lalata ƙoda. 'Ya'yanki, Malama, ba lallai ne su gaji wannan ba, sai dai yaron da bai kai shekara 16 ba ba a ba shi aspirin sai da umarnin likita.

Ranar da za ki je Shika, ki tafi da takardar sallamar da aka ba ki a asibitin da aka kwantar da ke, da abin shaƙarki, da duk wani kwalin magani da ke ɗakinki, ki kuma rubuta a takarda abin da kika sha a kowane karo, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin alamomi su fara, domin gwajin jini ko na fata ba ya nuna irin wannan, labarinki ne babban abin da likita zai dogara da shi. Ki roƙi a rubuta miki ɗan kati da Turanci mai cewa ba a ba ki aspirin da dukkan NSAID, ki sa a leda ki ajiye a jakarki, ki ɗauki hotonsa a wayarki da ta maigida. Ki kuma nemi sashen harhaɗa magunguna su cike miki takardar rahoton illar magani ta NAFDAC, mai launin rawaya. Cibiyar da ke tattara irin wannan rahoto ta shiyyar Arewa maso Yamma a asibitin na Shika take. Allah Ya ba ki lafiya, Ya zaunar da gidanku lafiya.